In wata annoba ta sake zuwa, a sake kulle mu ko a'a?

Abu Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gurup. Akwai maganar da nake so mu tattauna a tsanake, dan Allah banda zagi banda siyasar jam'iyya. Duk sanda aka ji wata cuta ta ɓulla, ko Ebola a Kwango da Yuganda, ko ƙyandar biri, sai kaga hankalin mutanenmu ya tashi, kuma in ka bincika tsoron dokar kulle irin ta 2020 yafi tsoron cutar yawa a ransu. Tambayata ita ce, in Allah ya sake jarrabarmu da annoba mai bin numfashi irin korona, har ina ya kamata gwamnati ta kai wajen hana taro da hana tafiye-tafiye? Ni bari in faɗi nawa tun yanzu, gwamnatin da ba zata iya ciyar da mutum ba bata da hurumin kulle shi a gida. A hana biki na yarda, a hana gangamin siyasa na yarda, a rage cunkoso a mota duk na yarda. Amma a ce wa mai garuwa da ɗan dako da mai awara su zauna a ɗaki sati biyu sati uku alhali abinda za a ci da daddare sai an fita da safe ake samo shi, wannan kam ban yarda ba. Bismillah.

Auwalu Mai Sahu:
Wa'alaikumussalam Yaya, wlh ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ni sahu nake ja kuma ba nawa bane, balas nake kaiwa kullum. Da aka kulle Kano ranar 16 ga Afrilu ce mana aka yi sati ɗaya ne, muka ce to za a lallaɓa, kafin kace me Baba Buhari ya fito ranar 27 ga wata ya ƙara sati biyu, ga azumi ya kama, daga nan sai ƙari ake tayi har farkon Yuli kafin a sake mu gaba ɗaya. Mai shagon layinmu sai da ya rufe littafin bashi dan shima kayan sun ƙare ba hanyar saro wasu, maiɗakina ta fiddo atamfofin lefenta ta kaiwa dillaliya, dillaliyar tace wa zai sayi atamfa a wannan marrar, haka ta dawo dasu. Akwai ranakun da garin kwaki da ruwa muka yi sahur dashi, yara suna kuka kai kana zaune a tsakar gida da ƙarfinka da lafiyarka ga mashin a ƙofar gida baka isa ka tayar ba. In ka saci jiki ka fita masu kaki su kama ka sai kotun tafi da gidanka, ko ka bada na goro. Kuma abinda yafi ƙona min rai, duk wanda yake da kuɗi wucewarsa yake a shingen, motocin kaya suna shigowa da mutane a ƙarƙashin tamfol kowa ya sani. Talaka kaɗai shingen ya tare.

Sista Rabi:
Ƙanena Auwalu Allah ya mayar da alheri, ba mai musa maka yunwar da aka sha, mu ma a gidajenmu mun gani. Amma dan Allah kar mu manta da me ya faru a Kano a watan Afrilun nan, dan na lura mutane sun riƙe zafin kullen sun manta da gawarwakin. Masu haƙar kabari ne da kansu suka fara magana cewa basu taɓa ganin irin haka ba, a rana ɗaya ka ji rasuwar dattijai uku huɗu da ka sani, farfesoshi, 'yan kasuwa, malamai. Daga baya ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya fito yace an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomin cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana ganin suna da alaƙa da korona. Ni ina bakin aiki lokacin, za a kawo maka dattijo mai hawan jini ko ciwon suga yana jan numfashi da ƙyar kamar ransa zai fita, tukunyar oksijin bata isa ba, kayan kariya basu isa ba, kina tsoron taɓa shi kina tsoron barinsa, ki koma gida ki kasa rungumar 'ya'yanki.
Kuma ku duba yadda muke zaman makoki, kwana uku dattijan unguwa a jere kan tabarma ɗaya, duk wanda yazo sai yabi layi ya gaisa da kowa hannu da hannu, buta ɗaya, kwanon ruwa ɗaya, sati na zagayowa sai kaji ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna a tabarmar nan shima ya tafi. To in ba hukuma ce ta hana da ƙarfi ba wa zai iya cewa ba zai je ta'aziyyar maƙocinsa ba? Kunya ma kaɗai ba zata barka ba. Shi yasa ni ina bayan a hana taro da gaske, ba roƙo ba.

Sarkin Yaƙi:
Hajiya kiyi haƙuri amma ni har gobe ban yarda korona ce ta kashe mutanen nan ba. Zafin Afrilu ne da zazzaɓi, sannan asibitocin kuɗi da yawa sun rufe dan tsoro, mai suga da mai hawan jini suka rasa inda zasu je suka mutu a gida. Kulle ne ya kashe su. Cutar ta masu hawa jirgi ce aka ɗorawa talaka wahalarta.

Sista Rabi:
Malam rabin maganarka gaskiya ce, an rufe asibitoci kuma mutane sun rasu saboda haka, ni shaida ce. Amma shekara nawa muna ganin zafin Afrilu a Kano, yaushe ya taɓa cika maƙabarta haka? Kuma ma'aikatan lafiya da suka kamu a asibitocin gwamnati wane jirgi suka hau? Ta jirgi ta shigo, eh, wani ɗan Italiya ne aka fara samu da ita a Legas 27 ga Fabrairu, amma bata tsaya a masu jirgin ba.

Admin:
Jama'a a tsaya kan tambayar da aka yi, ba muhawarar akwai korona ko babu muke ba. Tambayar ita ce iyakar da hukuma zata tsaya. Na gode.

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Ta ɓangaren addini maganar hana shiga da fita tana da asali mai ƙarfi, kar wani ya ɗauka Turawa ne suka kawo ta. Hadisi ya inganta cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kar ku shige ta, in kuma ta ɓarke kuna ciki kar ku fita dan gudunta. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, yana Sargu labari ya same shi cewa annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a, Abu Ubaida yace gudun ƙaddarar Allah zaka yi? yace eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. To ka ga shugaba yana da damar tsare hanya. Amma shi wannan Umar ɗin dai a shekarar fari da yunwa shi ya tsaya da kansa ana dafa abinci ana ciyar da mutanen da suka kwararo Madina, ya aikawa gwamnoninsa su turo kayan abinci, shi kansa ya haramtawa kansa nama da mai har jama'a suka samu sauƙi. Mu an ɗauki rabin farko an bar rabi na biyu, a nan nake tare da Abu Ilham.
Sai maganar masallaci. Abinda ya fusata mutane shine su ga kasuwa a cike ranar da aka bada dama, banki layi har titi, amma ace Juma'a ta minti ashirin ita ce haɗari. A Kusada ta jihar Katsina har ofishin 'yan sanda aka ƙona a ƙarshen Maris akan maganar Juma'a, abin baiyi daɗi ba kuma bana goyon bayansa, amma yana nuna maka an yanke hukunci ba a zauna da mutane ba. Saudiyya ta rufe Harami, ta dakatar da Umara, Hajjin 2020 ba wanda yaje daga waje, to ba wai ba a iya rufewa bane in larura ta kai. Ni dai abinda nake gani a fara da abinda yafi sauƙi, a fito fili ayi sallah da tazara, kowa da dardumarsa, a taƙaita huɗuba, a cewa tsofaffi da marasa lafiya su yi a gida, kuma a kira limamai kafin a yanke hukunci ba bayan an sanar a rediyo ba.

Ɗan Damagaram:
Allah gafarta Malam gaskiya ne, mu ma nan Nijar haka ta faru. An samu mutum na farko 19 ga Maris, shugaba Issoufou ya rufe masallatai da lakwal, wato makarantu, aka killace Yamai ba shiga ba fita, aka sa dokar hana fitar dare, a Mirriya nan kusa damu matasa suka tada tarzoma akan masallaci, a Yamai ma anyi ta ƙone-ƙonen taya da azumi ya matso, sai tsakiyar Mayu aka buɗe masallatai. Amma ni kan iyaka nake son magana. Ku tuna tun Agustan 2019 Najeriya ta rufe bodarta saboda shinkafa, tun korona bata zo ba, sai Disambar 2020 aka buɗe su Maigatari da Illela. Wata goma sha shida kenan, to ku tambayi duk wanda yake zaune a bakin iyaka ko an daina wucewa ko da rana ɗaya. Mutum gonarsa tana can gidansa yana nan, matarsa 'yar can ce, babur kawai zai hau yabi ta daji. Da ƙofar hukuma a buɗe take da ma'aikacin lafiya a zaune yana auna zafin jiki yana rubuta suna da inda mutum zashi, ai da an san wa ya shigo. Da aka rufe kowa ya koma ɓarauniyar hanya inda ba mai ganinsa. Iyakar jirgin sama ana iya rufewa ta rufu, amma ta ƙasa tsakanin Daura da Matamaye ko Jibiya da Maraɗi ba mai iya rufe ta.

Injiniya Bash:
Ni fa ina ganin matsalarmu rashin tsanani ne ba yawansa ba. Chana ta rufe Wuhan 23 ga Janairu 2020, birni mai mutum sama da miliyan 10, kwana 76 ba shiga ba fita, kuma cutar ta lafa a can. Mu kuma doka ake sawa da safe da yamma a sassauta, wannan gwamna ya rufe wancan ya buɗe, malamai su matsa a janye, 'yan kasuwa su matsa a janye. In za ayi ayi gaba ɗaya sati uku kowa ya sha wahala a gama, yafi a ja abu wata uku ana yi ana bari. Rai fa ba a sayo shi, tattalin arziki kuwa yana dawowa.

Abu Ilham:
Injiniya ranka ya daɗe, Chana har ƙofar gida ake kaiwa mutane abinci, suna da rajistar kowane gida da wanda yake ciki, kuma duk da haka a ƙarshen 2022 sai da mutanensu suka fito zanga-zanga aka janye tsarin. Mu da me zamu yi tsananin? Da bindiga kawai. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta fitar da rahoto a tsakiyar Afrilun 2020 cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a sati biyun farko na kulle, a lokacin waɗanda aka tabbatar korona ta kashe a duk Najeriya basu kai haka ba. Wannan shine tsananin da muke iyawa.
Sannan doka in bata hau kan kowa ba ta mutu. Ranar 18 ga Afrilu aka yi jana'izar Abba Kyari a Abuja, Allah ya jiƙansa, duk ƙasa ta gani a talabijin manya sun cakuɗu ba tazara, a satin da ake kama talaka dan ya fito neman abinci. Watan Satumba aka yi zaɓen Edo, filaye cike da jama'a, gwamnanmu na Kano na lokacin ma shine shugaban kwamitin yaƙin neman zaɓen jam'iyyarsu a can. Sai Oktoba bayan EndSARS mutane suka fasa rumbuna a Jos da Kaduna da Legas da sauran wurare suka tarar da kayan tallafin korona jibge, buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, watanni bayan an gama jin yunwar. Wanda ya ga wannan da idonsa ta yaya zaka sake ce masa ya zauna a gida tallafi yana zuwa?

Dakta Kabir:
Na karanta duka, bari in sa baki. Abu na farko, babu amsa ɗaya ga kowace cuta, sai an san yadda take yaɗuwa. A 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas da Ebola 20 ga Yuli, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma ta kamu ta rasu, mutum 20 suka kamu 8 suka rasu, zuwa 20 ga Oktoba hukumar lafiya ta duniya tace Najeriya ta fita. Ba a kulle Legas ba ko na kwana ɗaya, bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar aka yi gida-gida ana auna su kullum har kwana 21, kuma da ma'aikata da tsarin yaƙi da shan inna aka yi aikin. Amma kar mu ruɗi kanmu, Ebola sai mutum ya fara nuna alama take yaɗuwa kuma sai an taɓa jini ko amai ko gawarsa, korona kuwa mutum yana yawo garau yana rabawa ta numfashi bai sani ba. Dan haka abinda ya isa a Ebola ba lallai ya isa a irin korona ba, a nan Sista tana da gaskiya.
Abu na biyu, kulle baya kashe cuta, lokaci kawai yake sayo maka. Kana rage gudunta ne dan ka tanadi gado da oksijin da wurin gwaji da ma'aikata. Tambayar da ya kamata a yiwa kowane gwamna ita ce sati biyun nan da ka karɓa daga hannun talaka me kayi dasu? A Kano ana tsakiyar mace-macen nan ɗakin gwajin da ake dashi ƙwaya ɗaya sai da ya tsaya na kwanaki, wato an kulle mutane kuma ba a san ma ina cutar take ba.
Na uku kuma wanda yafi damuna, yadda aka sassauta. A farkon Mayu aka ce Litinin da Alhamis daga 10 na safe zuwa 4 na yamma a fita ayi cefane, aka buɗe 'Yankaba da 'Yan Lemo. Duk wanda yaje 'Yankaba a ranakun nan ya san me nake nufi, garin Kano kaf ya juye wuri ɗaya a awa shida, ƙafa bata samun wurin taku, mata da maza ana ture-ture akan tumatir da attaruhu, takunkumin ma a haɓa yake dan zafi da ƙishirwar azumi. Cunkoson da aka tara a awa shidan nan yafi na sati guda in da an bar kasuwanni a buɗe kullum tun asuba har dare. Da ni za a tambaya, a ƙara awannin kasuwa ne ba a rage ba, a watsa 'yan gwari filayen makarantu da na unguwanni kowa ya saya kusa da gida. Abinda za a hana da ƙarfi shine taron ɗaki mai cunkoso na dogon lokaci, wuraren biki, zaman makoki, gidan kallo, gangami. Kulle gari ɗungurungum kuwa sai in asibitoci sun kusa durƙushewa, shima na kwanaki ƙididdigaggu, unguwa ko ƙaramar hukumar da abin ya shafa, da abinci a hannu kafin a sanar.

'Yar Kaduna:
Dakta na gode, amma ni zan ɗan kare namu. Mu a Kaduna tun 26 ga Maris aka kulle mu, kafin Legas da Abuja ma da nasu ya fara 30 ga wata, ranar 28 ga wata gwamnanmu na lokacin Malam Nasiru da kansa ya sanar ya kamu. Mun sha wuya sama da wata biyu, an zage shi ba kaɗan ba musamman da ya fita da kansa ya tsare hanyar Kano lokacin ƙaramar sallah, ni kaina ban samu zuwa ganin mahaifiyata ba kuma naji zafin abin sosai. Amma gaskiya bamu ga irin mace-macen da aka gani a Kano ba. Kano sai da aka samu mutum na farko 11 ga Afrilu sannan aka fara shirin rufewa, kuma kowa ya san cutar ta riga ta shiga tuntuni. To ba za ace saurin rufewar yayi amfani ba? Ni ina ganin in za a rufe hanya to da wuri ne take da amfani, in an makara kuma wahala ce kawai.

Dakta Kabir:
Hajiya maganar da wuri ɗin nan haka take. Rufe hanya tana aiki ne kafin cuta ta shiga, in ta riga ta zauna a gari ya zama aikin banza. Dubi abinda Ingila tayi mana a Disambar 2021 akan nau'in koronar nan Omicron, ta saka Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga, bayan kwana goma ma bai cika ba ta cire dan ta gane cutar ta riga ta cika ƙasarta. Amma bambancin Kano da Kaduna ba zan iya rantsuwa kulle ne kaɗai ba, cunkoson cikin birnin Kano da yawan baƙin da suke shiga Kwari da Singa da Dawanau kullum ba ɗaya bane da Kaduna.

Malam Habibu:
Tunda an zo maganar hanya, akwai abinda har yau in na tuna raina yake ɓaci, almajirai. A daidai lokacin da aka ce ba mai tsallaka jiha, gwamnonin arewa suka haɗu suka yanke a kwashe yaran nan a mayar da kowa jiharsa. Aka cusa yara ƙanana a motoci daga Kano zuwa Katsina da Jigawa da Kaduna da Bauchi, wasu daga can ana kawo su nan, ba a gwada su kafin a ɗauke su ba, sai da suka isa aka gwada aka samu da yawa suna ɗauke da ita, a Kaduna kaɗai an ce sama da 60 cikin waɗanda aka kai daga Kano. Wannan shine ainihin abinda hadisin ya hana, fitar da mutane daga garin annoba zuwa ƙauyukan da babu ko ƙaramin asibiti. Ko me mutum yake gani game da tsarin almajirci, wannan ba lokacinsa bane, da an barsu a tsangayunsu an kai musu abinci da sabulu har ƙura ta lafa.

Alhaji na Kumasi:
Salamu alaikum 'yan uwa, ni a Kumasi ta Ghana nake zaune. Mu nan an kulle Ankara da Kumasi 30 ga Maris, sati uku cif shugaba Akufo-Addo ya janye, wasu likitoci suka yi ta faɗa cewa yayi gaggawa amma yace talakawa ba zasu iya ba. Sai dai bai buɗe komai ba, makarantu da masallatai da coci da manyan jana'iza sun ci gaba da zama a rufe, iyaka ma a rufe, kasuwa da neman abinci kawai aka saki. Kuma gwamnati ta ɗauke kuɗin ruwa na wata uku ta rage na wuta. Ba wai komai ya tafi daidai ba, rabon dafaffen abinci ma cunkoso ya jawo a zango, amma ko ba komai mutum ya ga wani abu ya iso gidansa, shi yasa da aka ce a saka takunkumi mutane basu yi gardama sosai ba.

Maman Sadiq:
Duk kun manta da yara. Ni malama ce a makarantar kuɗi ƙarama ta unguwa, tun Maris aka rufe mu sai wajen Oktoba aka fara komawa, ba albashi ko sisi dan iyaye basu biya ba, wannan ma a barshi. Da aka dawo ajina na 'yan mata akwai kujerun da ba a sake zama a kansu ba, wasu an musu aure, wasu talla ta riƙe su, mazan wasu sun kama garejin gyaran babur sun ji daɗin kuɗi sun ƙi dawowa. Waɗanda suka dawo kuma yaron da ya iya haɗa baƙi ya manta, sai da muka koma baya. An ce ana darasi a rediyo da talabijin, gidan da ake rigimar abinda za a ci wa zai zaunar da yaro gaban rediyo? Kuma Dakta ka gyara min in nayi kuskure, ai cutar nan tsofaffi tafi kamawa da tsanani ba yara ba. To me yasa kasuwa ta buɗe, jirage suka dawo tashi a Yuli, masallatai suka buɗe, makaranta ce ta ƙarshe? Dan yara basu da ƙungiyar da zata je gidan gwamnati ta matsa ne kawai. Ni in an sake, makaranta ta zama ƙarshen rufewa farkon buɗewa, a raba yara safe da yamma in aji ya cika.

Sista Rabi:
Maman Sadiq ina tare dake akan tsawon rufewar, yayi yawa. Sai dai ki tuna gidajenmu, yaro ya dawo daga makaranta ɗakin kaka zai faɗa, a can yake cin abinci a can yake kwana. Mu ba kamar Turai bane da tsoho yake zaune shi kaɗai. Dan haka a makonnin farko da ba a san halin cutar ba ni bana ganin laifin rufewa, kuma wata annobar tana iya zuwa ta zama yara tafi kamawa.

Barista Nura:
Abinda ba a taɓo ba shine doka. Dokar killacewa da shugaban ƙasa ya dogara da ita ya kulle Legas da Ogun da Abuja ta 1926 ce, tun zamanin Turawan mulki. Da majalisar wakilai ta kawo sabon ƙudiri a 2020 aka yi ca a kansa dan ya baiwa shugaban hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa NCDC ƙarfi fiye da kima. Ni bana jayayya cewa hukuma tana da ikon taƙaita zirga-zirga dan lafiyar jama'a, tsarin mulki ma ya yarda. Amma a rubuta a doka, kulle kar ya wuce kwana kaza sai an koma majalisa, gwamna ya fito ya faɗi adadin da in an sauka ƙasa dashi za a buɗe, a buga yadda aka raba tallafi mazaɓa-mazaɓa, jami'in da ya harbi mutum akan dokar kulle a gurfanar dashi, babban da ya tara jama'a a ci shi tarar da tafi ta talaka. In ba haka ba kowane gwamna da abinda ya ga dama zai tashi.

Injiniya Bash:
Barista kafin majalisarmu ta zauna ta gama muhawara ai cutar ta gama gari. Wannan abu ne na gaggawa, dole a bar mutum ɗaya ya yanke.

Barista Nura:
Ya yanke na farkon, ban hana ba Injiniya, sati ɗaya ko biyu. Ƙarin ne nace sai ya zo ya yi bayani a gaban wakilan jama'a, dan a 2020 ƙarin ne ya kashe mutane ba satin farko ba.

Auwalu Mai Sahu:
Dakta ni tambaya gareni akan rage cunkoso a mota da kowa yake ta amincewa dashi kamar abu ne mai sauƙi. In aka ce in ɗauki mutum biyu maimakon huɗu, man da zan ƙona daga Kabuga zuwa Bata ɗaya ne, balas ɗin mai mashin bai ragu ba, kuɗin tikitin da ake karɓa kullum bai ragu ba, dole in ninka kuɗin mota, fasinja kuma shima bashi dashi sai muyi ta rigima a titi. In har za a saka wannan dokar to a dakatar da karɓar haraji a hannunmu na wannan lokacin, a kira masu mashina a zauna dasu su rage balas, sai mu ma mu iya bi. Kuma a kira shugabannin 'yan sahu da na tasha tun kafin a sanar, mu muka san awannin da ake cunkoso da hanyoyin da direbobi suke bi su kaucewa shinge, ba wanda ya taɓa tambayarmu.